Igiyar Baffa Ja'e

Uwata,

Sallama da gaisuwa, duk da katanga ɗaya ce tsakanina da ke yanzu da nake rubutun nan. Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare ki daga direba mai gyangyaɗi da taya mai ciwo, ya sauke ki hannun mutanen kirki. Na ba innarki takardar nan ta cusa cikin kayanki. Kada ki buɗe sai mota ta wuce Kornaka, don in kin ji haushi ba ki da halin dawowa ki yi min gardama.

Shekaranjiya kin kawo min waya kin nuna min sababbin kamfanoni uku da suka ce ki zo ki yi musu staj, wato koyon aiki, a gefen karatunki. Kika ce, "Baba, wanne?" Na ce ki ɗauke min waya daga kan tuwo. Kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Ba tambayar ce ta ɓata min rai ba. Foton patron, wato mai kamfanin farko, ne, da kwat ɗinsa da hannuwa a harɗe da murmushin nan na wanda bai taɓa taka kashin shanu ba. Na san in na buɗe baki a lokacin, ihu zan yi, ke kuma ba ki jin magana in an yi ihu, halina kika ɗauko. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Akwai labarin da aka ɓoye miki lokacin da kike kolej a Maradi gidan goggonki. Ƙarshensa na cin nasara ne, kuma zan yi taƙama da shi har in mutu, amma sai na fara da inda na zubar da mutuncina.

Kin san Baffa Ja'e, Bafillacen nan na wajen Azagor mai kawo miki cuku. Tun zamanin marigayi kakanki, in ya shigo Dakoro da bisashe gidanmu yake sauka. A kasuwa kuma ba ya magana da mai saye. Wata tsohuwar igiyar fata gare shi, sai ya miƙa wa kakanki, ya koma gindin itacen bedi ya hura gawayin shayi. Wanda ke riƙe da igiyar nan shi ne bakinsa, shi ne idonsa. Da kakanki ya rasu, manyan dillalai suka yi ta zagayen Baffa, wannan ya kawo goro, wancan ya kawo sukari. Ya wuce su duka ya aza min ita a kafaɗa, ina yaro, gemuna bai gama fitowa ba. Ba takarda, ba shaidu. Abin da na gada ke nan, ba gona ba, ba gida ba.

Ni kuma kin san ciwona. An cire ni daga lakwal ina aji biyu don in riƙe igiya. Karatuna a jikin buhun dusa na koye shi, da kwalin maganin tsutsa, da tikitin kasuwa, daga baya waya ta zo na haɗiye ta. Faransancina ma tsince-tsince ne. To, wanda ya koyi karatu da wahala haka, duk abin da ya gani a rubuce sai ya ɗauka gaskiya ce, don ya sha wuya kafin ya iya karanta shi. Na zama mai karanta wa mutane a kasuwa, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga.

Wata shekara ciyawa ta yi ƙaranci a arewa. Sai ga wani mutum cikin babbar mota, ya yi rabin yini a nan, aka kai shi har bakin wata rijiya wajen Azagor ya ɗauki fotuna, ya koma. Ya ce ya kafa kamfani na zamani. Makiyayi ya ba da sunansa ta waya, in bazara ta yi kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo masa dusa har bakin rijiya, ba sai ya kora garke kudu ya yi ta rigima da manoma ba. Na nemi shafinsa a waya. Uwata, na ga abin da ya ɗauke min ido. Pe-De-Je, wato shugaban kamfani, in ji rubutun da ke ƙarƙashin sunansa. Ga shi yana karɓar lambar yabo, ga shi yana musabaha da masu manyan riguna, ga shi a ƙasar waje da lasifika a hannu. Kamfanoni huɗu ya kafa, kuma bai girme ni ba. Mabiya kuwa ba a magana.

Na ruga gindin bedi na karanta wa Baffa daga sama har ƙasa, ina fassara ina ƙara gishiri. Ya saurara har na gama, ya juya shayinsa, ya ce, "Ɗan Kaɗo, wa ya taɓa kwana gidansa?" Haka yake kirana, Kaɗo Bahaushe ne a bakin Fulani.

Na ce, "Haba Baffa! Dubi yawan mutanen da ke bin shi, kai kana tambayar wurin kwana?"

Ya ce, "Bin shi suke zuwa ina?"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi wa dattijon nan. Na ce, "Wanga zamani ne, Baffa. Ni na karanta."

Ya ce, "To, tunda ka karanta."

Bai tafi kudu ba. Ƴan'uwansa suka kora nasu bayan girbi, shi ya zauna yana jiran kamiyo saboda maganata. Bazara ta shigo. A shafin patron kullum kamiyo na kan hanya, har da fotonsa an yi masa lodi. Na kira, ya ce jibi. Na sake kira, ya ce matsalar takardu ce. Na uku wayar ta daina shiga. Na hau moto, babur ɗina, na tafi Azagor, na tarar da maza huɗu suna ɗaga saniya, biyu a ƙaho, ɗaya a wutsiya, ɗaya ya zura sanda ƙarƙashin ciki. In ta tsaya, su koma kan ta gaba. Akwai wata ja mai farin goshi da ƙaho ɗaya a karye, Wule sunanta, wadda Baffa ke yi wa magana kamar mutum. Ranar ba ta tsaya ba. A gabana ya sa mata wuƙa don kada ta tafi a banza. Bai zage ni ba. Ya ma ba ni ruwa na sha. Da a ce ya kwaɗa min sanda da na fi jin daɗi.

Da ya sake shigowa Dakoro da ɗan abin da ya rage, ya gaishe ni, ya tambayi lafiyarki, ya wuce ya miƙa igiyar ga Alhaji Ɗan Tani, dillalin da kakanki bai taɓa yarda ya sha ruwa a ƙoƙo ɗaya da shi ba. Gidansa ya sauka. Shekara uku ina kallon igiyar gidanmu a kafaɗar mutumin nan.

Na koma shafin na sake karantawa, wannan karon da idon dillali, ba da idon ɗan aji biyu mai jin daɗin ya iya haɗa baƙi ba. Duk abin yana nan a fili, ni ne na ƙi gani. Kamfanoni huɗun nan duka "ya kafa" ne, babu ɗaya da ke numfashi. In mutum ya jera miki abin da ya fara, ki tambayi wanne ya gama, kuma wanne ke aiki yau da safe. Foto da manyan mutane ba komai ba ne, ni ma in aka yi taro na kutsa zan samu nawa. Lambar yabon ma don daɗin bayani aka ba shi, ba don buhu ɗaya ya isa bakin wata rijiya ba. Sai masu rubutu a ƙarƙashi, "Barka patron", "Allah ƙara ɗaukaka", babu ɗaya da ya ce na saya na gani. Akwai mutum guda da ya taɓa rubuta, "Ina kayanmu?" Na gan shi tun farko, na ce ɗan hassada ne. Washegari aka goge shi. Ki nemi irin wannan mutumin, Uwata, shi ne ya kwana gidan. Ki kuma duba waɗanda suka taɓa yi wa kamfanin aiki. In kowa wata uku ya yi ya gudu, ki rubuta wa ɗaya daga cikinsu ki gaishe shi da ladabi ki tambaye shi dalili. Mutane na son a tambaye su abin da ya ƙona su.

Kuskurena na biyu na masu zafin kai ne, don haka ki saurara da kyau, gadonki ne. Bayan abin nan na zama kare mai cizon duk wanda ya ce yana da kamfani. Sai ga wata Madam Hadiza tana cewa tana haɗa firij mai aiki da hasken rana don matan da ke sayar da nono. Na duba shafinta. Mabiya ba su cika motar kasuwa ba. Fotuna duhu-duhu, wani har da yatsanta a gefe. Babu kwat, babu lambar yabo. Wani wuri ma ta rubuta da kanta cewa firij ɗinsu na biyu ya lalace, laifinsu ne, sun sa batirin da ba ya jure zafi. Na ce yauwa, ga wata ɓarauniyar da ko ƙarya ba ta iya shiryawa ba. Na rubuta mata a ƙasa, inda kowa ke gani, maganganun da ba zan maimaita wa ɗiyata ba.

Ba ta goge ba. Ta amsa ta ce, "Malam Lawali, ka je Korahane, ƙauyen da ke yamma da rijiyar siminti, ka tambayi Inna Tabawa. In ba ka tarar da firij da sanyi ba, ka dawo ka ƙara, ba zan goge ba."

Na tafi don in kama ta. Na tarar da rumfa, da faranti biyu na hasken rana a kan rufi, da mata a layi da ƙwarya. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai zagin Madam a waya? An karanta muna." Ta buɗe firij ta ɗebo nono ta miƙo. "Sha, ɗan nan, ko bakinka ya huce." Sanyinsa har cikin haƙorina. Matan suka yi ta dariya, ni kuma na shanye, don ƙishi ya fi kunya ƙarfi a ranar. Na dawo na rubuta neman gafara a wurin da na yi zagin, da sunana da sunan ubana.

Abin da na koya a wurin matar nan ya fi wanda na koya a wurin patron. Mai gaskiya yakan ba ki abin da za ki iya zuwa ki taɓa, sunan gari, sunan mutum, ranar da za ki same shi. Maƙaryaci sai ya ce "yankin Sahel", sai ya ce "dubban makiyaya". Kuma shafin da babu faɗuwa ko ɗaya a cikinsa, ki ji tsoronsa. Na fi shekara talatin cikin bisashe ban ga garken da babu gurguwa ba. Amma kada ki yi irin tawa, ki yanke wa mutum hukunci don fotonsa ba shi da kyau. Raina ƙaramin shafi da ruɗuwa da babba duk lalaci ɗaya ne, ƙin tashi a je a duba.

Yanzu ga inda nake so ki gyara zama.

Bara aka yi shela cewa ranar kasuwa mai zuwa wani kamfanin kiwo zai yi bayani a babbar rumfa. Makiyayi ya ba su karsana, su riƙe ta a gonarsu duk bazara, su ciyar da ita, su mayar da ita da ƙiba. Mutane suka fara lissafin wadda za su bayar. Na ji Alhaji Ɗan Tani ya riga ya ce wa Baffa Ja'e ya ware guda biyar daga ɗan garken da ya farfaɗo da shi. Ina da mako guda.

Sunan kamfanin sabo, tambarinsa sabo, fuskar da ke gaba sabuwa. Amma shafi yana da wurin da ke nuna sunayen da ya taɓa amsawa, can ƙasa inda ba mai zuwa. Na shiga. Tsohon sunan na kamfanin dusa ne. Riga kawai aka canza wa shafin, mabiyan ma gadonsu aka yi. Lambar waya ta biyu da ke jikin tallar, na duba wayata, tana nan na adana ta da sunan "Jibi". Wannan ya ishe ni ni kaɗai, amma ba zai ishi rumfa ba. Wa zai saurari Lawali a kan zancen shafi? Ni ne fa na karanta musu na farko.

Sai na koma kan fotuna. Akwai ɗaya babba, jajayen shanu masu dogon ƙaho, an rubuta a ƙasa, "Garkenmu, haihuwar gonarmu." Na sa yatsa biyu na buɗe foton, ba fuskar shanun nake nema ba, kunne nake nema. Kin san kowane gidan Fulani da tsagarsa, ana yi wa maraƙi tun yana ƙarami, kuma dillalin da bai san tsaga ba zai sayar da na sata wata rana ya kwana a jandarmari. Kunnen hagu tsaga biyu, na dama an yanke baki. Na ƙara buɗewa. Farin goshi. Ƙaho ɗaya a karye. Uwata, na ajiye wayar a kan tabarma na tashi na zaga gida sau uku, innarki na tambayata ko kunama ce.

Ranar taro innarki ta sa na yi mata alkawarin ba zan yi ihu ba. Rumfa ta cika, Fulani, Buzaye, mu dillalai. Mai bayanin wani saurayi ne ɗan Maradi, mai diplom, mai ladabi, ya durƙusa ya gaida dattawa kafin ya fara. Ya iya magana ƙwarai. Da ya gama na ɗaga hannu.

Alhaji Ɗan Tani ya ce, "Lawali, ba kai ka kawo muna na farko ba? Zamna mana, ka huta."

Aka yi dariya. Na ce, "Ni ne, Alhaji. Shi ya sa na san warinsu." Na juya ga saurayin. "Ɗan'uwa, garken nan na foto naku ne?"

Ya ce, "Namu ne, a gonarmu aka haife su."

"Ka taɓa zuwa gonar?"

Ya ce, "Ban kai ga zuwa ba tukuna, amma patron ya..."

Na ce, "To, madalla."

Na ratsa mutane har inda Baffa ke zaune kusa da Alhaji, igiyar na kan cinyar Alhajin. Shekara uku ban ce masa komai ba bayan gaisuwa. Na durƙusa na miƙa masa wayar na ce, "Baffa, ni na karanta rubutun. Kai karanta mini saniyar."

Ya karɓa ya nisantar da ita daga ido. Ya ce, "Matso min da kan." Na matso. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Hagu biyu, dama yanke. Tsagar gidanmu ce." Ya sa ɗan yatsa a kan gilashin. "Wagga Wule ce. Ga ƙahon da ta karya a bakin rijiya. Ta bayanta ɗiyarta ce."

Na ɗaga murya, a nan alkawarin innarki ya karye, na ce, "Baffa, sun ce a gonarsu aka haife ta!"

Ya ce, "A hannuna aka haife ta. Ni kuma na sa mata wuƙa, shekara uku ke nan, muna jiran dusa."

Wayar ta fara yawo hannu zuwa hannu. Wani Bafillace ya ce tabbas tsagar gidan su Ja'e ce. Wani Buzu ya gyara rawani ya ce shi itacen bakin rijiyar ma ya gane, shi ya kafa mai gwafar da hannunsa. Foton da patron ya ɗauka ne a rabin yinin nan da ya yi a wurinmu. Ya kashe saniya da alkawari, ya dawo yana talla da fuskarta. Rumfa ta ɗauki hayaniya. Wani tsoho ya ce wa saurayin, "Yaro, gonar taku a lahira take?" Alhaji Ɗan Tani kuwa sai ya tuna yana da wani ciniki can bakin ƙofa. Ko karsana ɗaya ba ta bar Dakoro ba. Ko ɗaya!

Amma ki ji abin da ya hana ni jin daɗin ya cika. Saurayin nan ya tsaya yana naɗe takardunsa, ya ce, "Wallahi ban sani ba." Kuma na yarda da shi. Ya ga shafi mai kyau, ya ga Pe-De-Je, ya sa sunansa a ƙarƙashi, aka turo shi ya tsaya gaban mutanen da suka san kunne. Patron na can cikin sanyi, saurayin ne ya sha kunyar. Na kai shi tasha a bayan motona. Da kika nuna min wayarki shekaranjiya, shi na gani tsaye a rumfa, da fuskarki.

Kasuwa ta gaba ina tsaye cikin rana ina gardama da wani mahauci, sai na ji abu ya faɗo min a kafaɗa. Ban juya ba na san igiyar ce, na san nauyinta. Baffa Ja'e ya ce, "Ɗan Kaɗo, yau dai ka iya karatu. Je ka sayar min da bijimin can, kuma kada ka zagi mai saye." Tabarmarsa na nan a zaurenmu, kin gan ta, ba ki san da me ta dawo ba.

Sunanki igiya ne, Uwata. Ranar da kika sa shi a shafin wani kamfani, akwai matar da za ta yarda da su a Dakoro don ta ce ai ɗiyar Lawali na ciki. Don haka kada ki aza shi a kafaɗar wanda ba ki san mai kwana gidansa ba.

Kamfanonin nan uku na duba su, kada ki ɗauka barci na yi. Ɗaya ya canza suna sau biyu. Ɗaya duk fotunansa na taro ne. Ɗaya na sami wata mata a ƙasan shafinsu tana yi musu faɗa a kan jinkiri, suka ba ta haƙuri, bayan kwana kaɗan ta dawo ta ce kaya sun iso. Ba zan ce miki wanne ne wanne ba. Ki duba da kanki, ki kira waɗanda ya kamata ki kira, ki taka har biro ɗinsu, wato ofis, ki ga ko akwai kujera da mutum a kanta. Sannan ki aiko min da wanda kika zaɓa, mu gani ko kunne ɗaya muka gani. In kika zaɓi mai kwat, zan hau mota in zo Yamai in yi ihu a ƙofar iniversite, kuma kin san zan iya.

Innarki ta sa miki cukun da Baffa ya aiko cikin jan ƙyalle, kada ki bari ƴan ɗakinku su cinye a rana ɗaya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya ba ki ido mai haƙuri da bakin da ya fi nawa sanyi. Ya haɗa ki da masu gaskiya ko da fotonsu duhu ne, ya dawo mana da ke lafiya da sunanki a hannunki.

Babanki,
Lawali mai igiya